Tsofaffin Takardun Gidan Manomi a Ƙasar Kankiya da Kusada

Wannan bayani an yi shi ne domin Hakimai da malamansu, musamman waɗanda talakawa su kan kawo wa tsofaffin takardu in rigimar gona ko ta gado ta tashi. A ƙasar Kankiya, wadda ke bisa hanyar Kano zuwa Katsina, da maƙwabciyarta Kusada, da wuya a sami manomin da ya ajiye littafin kuɗi irin na ɗan kasuwa. Abin da a kan samu shi ne 'yan takardu a naɗe cikin gafaka ko a gindin adaka: rasit na haraji, da na jangali, da takardar cinikin gona, da ta rabon gado. In an jera su bisa shekarunsu, a kan ga tashin gida ko faɗuwarsa tun daga kaka har jika.

Rasit na haraji

A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka kafa Baitulmali a Katsina, shi ne kuwa na fari a ƙasar Arewa. Daga nan karɓar haraji ta koma bisa rubutu. Mai unguwa ya tara, ya miƙa wa dagaci, dagaci ya kai wa Hakimi, malamin haraji ya rubuta, kuɗi su tafi wurin Ma'aji. An ci gaba da haka har 1979, sa'ad da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, wadda ƙasar Katsina ke cikinta kafin ta sami jiharta a 1987.

Amfanin rasit ya wuce yawan kuɗin da ke jikinsa. A tsarin gandu, 'ya'ya maza ko da sun yi aure su kan yi noma a gonar ubansu, shi kuwa ya ci da su, ya biya musu haraji, ya ɗauki nauyin aurensu, ya ba kowa gayauna ya noma wa kansa. Saboda haka in an ga rasit na mutum huɗu a adaka ɗaya shekara da shekaru, sa'an nan aka ga sun ragu, watakila gandu ne ya watse, ko wani ya tafi cin rani bai komo ba. Rasit na jangali kuma ya kan nuna yawan shanu, ko da ya ke kowa ya san ba dukan saniya ce ta ke fitowa ranar ƙidaya ba.

Amma fa a kula, rasit na haraji shaida ne cewa mutum ya zauna a gari a wannan shekara. Ba ya zama shaidar mallakar gona.

Gyaɗa da shekarun yunwa

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Manomin Katsina ya sami abin da zai sayar ya biya haraji da kuɗin Bature, domin wuri ya daina karɓuwa. Kuɗin gida suka dogara ga gyaɗa da auduga, rumbu kuwa ga gero da dawa. Daga 1949 hukumar ciniki ce ta ke yanke farashin gyaɗa, har aka rushe hukumomin nan a 1986. Kafin nan ma farin 1972 da 1973, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, sun riga sun karya wannan noma.

Wanda ke duba takardun gida ya kamata ya riƙe shekarun wahala a ka: Ƙaƙalaba a 1914, da yunwar Buhu a 1927, da farin 1973. Gonar da aka sayar ko aka jinginar a irin waɗannan shekaru galibi an rabu da ita da araha ne domin a sayi hatsi. Wata Baturiya masaniyar tattalin arziki, Polly Hill, ta zauna a Ɓatagarawa kusa da birnin Katsina a 1967, ta bi gidajen noma 171 ɗaya ɗaya. Ta tarar mai hali ya kan rufe rumbunsa sai damina ta yi nisa, hatsi ya yi tsada, sa'an nan ya buɗe. Matalauci kuwa tun da kaka ya ke sayar da nasa, da damina ya koma ƙwadago a gonar wani, tasa gonar ta zauna ba taki ba shara, ƙarshe ya sayar. Ɓatagarawa ba Kankiya ba ce, amma duk Hakimin da ya karanta wannan zai gane mutanensa a ciki.

Saye, jingina da aro

Nan ne yawancin rigima ta ke. Saye ya yanke, ba komowa. Jingina kuwa gona tana hannun mai kuɗi ne har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa. Aro ba kuɗi a ciki, sai ɗan abin da mai noma ya kan kai wa mai gona da kaka don a san gona da mai ita. Bayan shekara arba'in, shaidu sun rasu, jikan wanda aka ba aro ya tashi ya ga ubansa da kakansa suna noman wurin, ya rantse gado ne, kuma bai yi ƙarya da gangan ba. Don haka malami ya nemi kalmar da aka rubuta ainihi, ya karanta ta yadda ta ke, kada ya fassara ta da abin da mai takarda ya ke so. Sunayen shaidu da na dagacin zamanin, da iyakokin da aka ambata, ko tsamiya ce ko kuka ko burtali, duk a kwafe su.

Lissafin kuɗi da na shekara

Fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka koma naira, fam ɗaya ya zama naira 2, sule ɗaya kwabo 10. Watau jinginar fam 5 da sule 10 ta zama naira 11 a lissafi. Ko naira 11 ta yau za ta fanshi gonar, wannan magana ce ta alkali, malamin Hakimi iyakarsa ya fitar da lissafi daidai.

Takardun ajami da yawa suna ɗauke da shekarar Hijira, wadda ta gaza ta Bature da kamar kwana 11. A riƙe waɗannan don awo: yawancin 1914 ya faɗa cikin 1332, shekara ta 1400 kuwa ta kama a watan Nuwamba 1979.

Rabon gado

Ga misali. A ce magidanci ya rasu ya bar gona eka 8, da mata ɗaya, da 'ya'ya maza uku da mace ɗaya, ba bashi ba wasiyya, iyayensa kuma sun riga shi. Matar ta ɗauki tumuni, watau eka 1. Saura 7, kowane namiji 2, mace 1. In ɗaya daga cikin mazan ya rasu ya bar 'ya'ya maza huɗu kaɗai, kowa rabin eka zai samu. Gidan da ya ci da mutum goma sha biyar a zamanin kaka ke nan ya zama gonakin da ba za su ci da mutum ya kai damina ba. Rabon mata shi ya fi ɓata, domin sau da yawa a kan bar shi a hannun ɗan'uwa ba rubutu, 'ya'yanta su zo nema bayan ita da shi duk sun rasu.

Adana takardu

Gara da ɗigon ɗaki da gobara sun ci tarihin gidaje da yawa. In an kawo takarda ofishin Hakimi, a kwafe ta cikin littafi, a ɗauki hotonta gaba da baya, a mayar wa mai ita a gaban shaidu. Kada a yi gyara a jikinta ko da an ga kuskure, a rubuta gyaran dabam. Tsohon da ya san labarin gonar a ɗauki maganarsa tun yana da rai, a sa rana da sunan wanda ya rubuta. Wanda ke son gwada takardun gida da na hukuma kuwa, rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomin Lardin Katsina suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna.