Abin da Ke Sa Manomi Ya Ce "Ni Ma Zan Iya"

Yarda da iyawa, wato tabbacin da mutum yake ji a ransa cewa wani takamaiman aiki ba zai gagare shi ba, aba ce da ake samu a hankali, kuma takan bambanta daga aiki zuwa aiki, shi ya sa manomin Gammo a ƙaramar hukumar Kabo, wanda ya gaji noman dawa da gero kaka da kakanni, yake iya jin jikinsa ya yi sanyi idan aka kawo masa sabon iri ko sabuwar dabarar ajiya. Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford ta Amurka, shi ya fayyace batun a 1977 bayan bincike a kan masu tsananin tsoron maciji, inda ya nuna cewa wannan yarda tana da babban tasiri a kan ko mutum zai soma aiki, da yawan ƙwazon da zai sa, da tsawon juriyarsa idan abu ya ƙi ci.

Bandura ya ce yardar tana tsirowa ne daga nasarar da mutum ya samu da hannunsa, wadda ta fi kowace hanya ƙarfi, sai ganin tsaransa ya yi ya dace, sannan ƙarfafa gwiwa da baki, da kuma yadda mutum yake fassara faɗuwar gabansa a lokacin aikin.

Tarihin buhun PICS na ajiye wake ya isa misali. Tun daga 2007 Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinta suka shiga yaɗa buhun a ƙauyukan Afirka ta Yamma, har da arewacin Nijeriya da Nijar. Buhun ruɓi uku ne, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, kuma idan aka matse iska aka ɗaure kowanne daban, ƙwaron wake yakan mutu ba tare da an zuba magani ba. Malaman gona ba su tsaya ga bayani ba, sun sa manoma sun ɗura wakensu a bainar jama'a, aka ajiye na watanni, sannan aka sake taro aka kwance, kowa ya damƙi waken ya duba. Gani ya kori ji, amma abin da ya fi ganin muhimmanci shi ne wanda ya ɗaure buhun maƙwabci ne, ba baƙo mai takardar digiri ba. Kusan haka shirin Sasakawa Global 2000 ya yi tun shigarsa Kano da Kaduna a 1992, da gonakin gwaji waɗanda manomi yake nomawa da kansa.

Sai dai yarda ba ta sayen taki, kuma faɗuwar farko tana saurin karya ta, domin wanda aka sayar wa jabun iri ko hujajjen buhu yakan ɗauka shi ne bai iya ba, ya koma gidan jiya. Saboda haka ya kamata masu kai sabon abu ƙauyukan Kabo da Gwarzo su fara da ɗan ƙaramin gwajin da manomi zai ci nasararsa, su tabbatar da ingancin kayan, su kuma bar shi ya nuna wa 'yan garinsu da kansa.