Maya Haihuwa da Zaman Biyayya

Da an gama girbi samarinmu da yawa su kan tafi cin rani Kano. Waɗansu su kan sauka a Kawaji ko Dakata, suna aikin lebura ko gadi. A can ba fasto, ba dattijon ekklesiya wanda ya san su. Wani ya kan komo gida da bangaskiyarsa, wani kuwa sai ka ga kamar bai taɓa jin bishara ba, alhali rana ɗaya aka yi musu baftisma. Me ya kawo bambancin?

A cikin Yohanna sura 3, Nikodimu ya zo wurin Yesu da dare. Shi babban malami ne, shugaba kuma cikin Yahudawa. Duk da haka Ubangiji ya nuna masa iliminsa da asalinsa ba za su shigar da shi Mulkin Allah ba, sai an sāke haihuwarsa. Wannan ita ce maya haihuwa, aikin Ruhu Mai Tsarki cikin zuciyar wanda ya tuba, ya ba da gaskiya ga Almasihu. Haihuwa cikin gidan Krista ba ta kawo ta, sunan baftisma ma haka.

Duk mai lambu ya san auren mangwaro. A kan yanko ƙaramin reshe daga itace mai kyawawan 'ya'ya, a tsaga ɗan dashe na gida, a haɗa su, a ɗaure da leda. In ya kama, cikin shekara uku ko huɗu sai ya fara ba da 'ya'ya irin na itacen da aka yanko. Ɗan dashen bai aurar da kansa ba, mai lambu ne ya yi masa. Manzo Bulus ma ya yi irin wannan misali da itacen zaitun a Romawa sura 11.

Amma ga inda masu lambu da yawa su ke yin hasara. Bayan aure, tsohon gindi ya kan riƙa yin toho a ƙarƙashin mahaɗin. In ba a tsinke tohon ba, sai ya shanye abincin sabon reshe, a wayi gari itacen ya koma mai tsami da zare kamar dā. Tsinke tohon nan shi ne biyayya. Ba da ita mu ke sayen ceto ba, amma inda sabon rai ya ke, dole a gan ta. Manzo Yakubu ya nanata wannan a sura ta 2 ta wasiƙarsa.

To, a ina a ke ganinta? A bakin mudu ranar kasuwa. A kan iyakar gona, sa'ad da garma ta kan so ta ci kunya ɗaya ta maƙwabci. A bashin taki da aka karɓa da alkawarin biya da kaka. A dawar da ya kamata ta kai iyali damina, amma ta ƙare a tukunyar burkutu. Ni a ganina waɗannan sun fi waƙar ranar Lahadi wuya, gama waƙa kowa ya iya.

Tarihin ƙasarmu ma yana da abin koya mana. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda karatunsa ya sa ya ɗaukaka Annabi Isa ƙwarai. Wajen shekarar 1867 aka kashe shi a Kasuwar Kurmi, almajiransa suka watsu, waɗansu har ƙasar Ningi. Su ne a ke kira Isawa. Shekara arba'in da wani abu suna riƙe da sunan Isa, ba su da Linjila a hannu. A 1913 waɗansu daga cikinsu suka iske Dokta Walter Miller na mishan ɗin C.M.S. a Zariya, suka ji sauran labarin.

Ba su tsaya ga ji kaɗai ba. Suka bar garuruwansu, suka taru a Gimi cikin ƙasar Zazzau, suna noma, suna sujada, 'ya'yansu suna koyon karatu. Ba a daɗe ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa musu, mutane da yawa suka mutu, har aka bar wurin. Da sun ce Allah ya yashe su, sun koma inda suka fito, ba wanda zai ga laifinsu. Amma daga cikin waɗanda suka ragu, akwai waɗanda suka ci gaba da bi. A 1929 mishan ta tashi daga birnin Zariya ta koma Wusasa, inda aka gina majami'a da makaranta da asibiti. Daga zuriyar Isawan nan ne aka sami Farfesa Ishaya Audu, likita, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.