Me Ya Sa Faci Ke Kama Roba?

Duk wanda ya ratsa Terminus a tsakiyar birnin Jos zai ga masu faci a bakin titi, direbobi tsaye a kansu suna cewa a yi sauri. Wannan gaggawa tana da haɗari, ga kuwa dalili.

Roba, in an bi asalinta, tarin zaruruwa ce dogaye, sirara ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. A ɗanyar roba zaruruwan nan ba a ɗaure suke ba, kullum cikin motsi suke. A shekarar 1971 wani masani Bafaranshe, Pierre-Gilles de Gennes, ya bayyana cewa kowane zare yana sulalewa ne tsakanin 'yan'uwansa kamar tafiyar maciji. Saboda haka in an haɗa roba biyu aka matse, zaruruwan wannan sukan kutsa cikin waccan sannu a hankali, har su sarƙe. Wannan sarƙewa tana daga cikin abin da ke ba faci ƙarfi.

Robar tiyub kuwa dafaffiya ce. Tun 1839 Charles Goodyear na Amurka ya gano dafa roba da farar wuta, abin da ke sa zaruruwanta su ɗaure da juna. Shi ya sa dafaffiyar roba ba ta kama 'yar'uwarta sai an sa ɗanya a tsakani, watau sholisho da fuskar facin.

Don haka mai faci ya kiyaye abu huɗu:

1. Ya kankare wurin sosai, kada ƙura ko maiƙo su tsaya tsakani.
2. Ya shafa sholisho kaɗan, ya jira ya sha iska. Ruwansa in an rufe shi a ciki yakan raunana facin.
3. Ya matse da ƙarfi, domin zare ba ya tsallake gurbin iska.
4. In facin wuta ne, ya bar zafi ya gama aikinsa.

A lura kuma, Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200. Sanyin hunturu yakan rage motsin zaruruwan, don haka facin asuba a watan Janairu ya fi bukatar jira.

Jama'a, facin da bai kama ba yakan saki ne bayan taya ta ɗau zafi da kaya, wataƙila a gangaren Hawan Kibo, mota cike da mutane. Ku ba mai faci lokacinsa. Sauri kan haifi nawa.