Shin manhajar waya za ta iya maganin taɓin hankali mai tsanani?

A yau akwai dubban manhajoji a rumbun Google da na Apple da ke cewa suna taimaka wa lafiyar ƙwaƙwalwa. Iyalan marasa lafiya kan tambaya ko waɗannan manhajoji za su iya rage musu zirga-zirgar asibiti, ko ma su maye gurbin magani. Amsar a taƙaice ita ce: wasu daga cikinsu suna taimakawa idan aka haɗa su da magani da kulawar likita, amma babu wadda aka tabbatar za ta iya tsayawa ita kaɗai.

Waɗanne cututtuka ake nufi?

Idan likitoci suka ce taɓin hankali mai tsanani, galibi cututtuka uku suke nufi. Na farko sikizofireniya, inda mutum kan ji muryoyin da wasu ba sa ji, ko ya yi imani da abin da ba haka yake ba. Na biyu baifola, inda yanayin mutum kan haura sama sosai har ya daina barci, daga baya ya faɗi cikin baƙin ciki. Na uku ciwon damuwa mai tsanani, wanda kan hana mutum aiki, cin abinci, har ya kai shi ga tunanin kashe kansa.

Me manhajojin ke yi?

Yawancinsu suna tuna wa majinyaci lokacin shan magani, suna tambayarsa yadda ya kwana da yadda yake ji, suna kuma koya masa dabarun jure muryoyi ko tunani mai tayar da hankali. Wasu kan aika bayanan ga ma'aikacin lafiya domin ya ga alamun dawowar ciwo da wuri.

Me bincike ya nuna?

A shekarar 2018 an wallafa wani bincike da aka yi a birnin Shikago na Amurka a kan mutum 163 masu irin waɗannan cututtuka. An ba wasu manhaja mai suna FOCUS, wasu kuma aka sa su a zaman rukuni a asibiti. Duka ɓangarorin sun samu sauƙi kusan daidai. Bambancin da aka gani shi ne kashi 90 cikin 100 na masu manhajar sun fara amfani da ita, alhali kashi 58 ne kawai suka fara zuwa zaman rukunin. Sai dai masu manhajar ba a bar su su kaɗai ba: akwai ma'aikacin da ke kiransu a waya duk mako.

Ba kowane bincike ne ya ba da sakamako mai daɗi ba. A ƙasar Denmak an gwada manhajar MONARCA a kan masu baifola 78, aka wallafa sakamakon a 2015. Rubuta yanayinsu kullum a waya bai rage alamun ciwon ba idan aka kwatanta da waɗanda ba su yi ba, har ma an ga alamar cewa baƙin ciki ya fi daɗewa a wasu masu amfani da ita.

A 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da manhajar Rejoyn ga manya masu ciwon damuwa. Ko ita ma da sharaɗin cewa likita ne zai rubuta ta, kuma majinyacin yana kan maganinsa.

Ina matsalar manhajojin da kowa ke iya saukewa?

Yawancinsu ba a taɓa gwada su a kan marasa lafiya ba. Mutane kuma ba sa daɗewa da su: wani nazari na 2019 a kan manhajoji 93 ya gano cewa bayan wata ɗaya, kusan mutum 3 cikin 100 ne kawai ke ci gaba da buɗe su. Akwai kuma batun sirri. Wani nazarin na shekarar ya duba manhajoji 36 na ciwon damuwa da daina shan taba, ya samu 29 suna aika bayanai ga Google ko Facebook.

Ga mu a nan kuma, yawancin manhajojin da Turanci suke, kuma a Amurka da Turai aka gwada su. Suna bukatar data da caji, sannan da wuya ka samu wadda ke haɗe da likitan da ke duba majinyacinka.

Shawara ga majinyaci da iyalansa

Kada a daina magani ko a rage shi saboda manhaja. Daina magani na daga cikin manyan dalilan dawowar sikizofireniya da baifola. Magunguna irin su litiyam da kulozafin kuma suna bukatar gwajin jini lokaci-lokaci, abin da waya ba za ta iya yi ba.

Ku nuna wa likita manhajar kafin a fara amfani da ita. Ku guji duk wadda ta yi alƙawarin warkarwa gaba ɗaya.

Idan majinyaci yana zargin ana bibiyarsa ta waya, kada a tilasta masa. Hakan na iya ƙara masa tsoro.

Abin da ke cikin wayarku tuni yana da amfani: ƙararrawar tuna shan magani, kalandar ranar asibiti ko ranar allurar wata-wata, da rubuta awannin barci domin nuna wa likita.

Yaushe za a tafi asibiti nan take?

Idan majinyaci yana maganar kashe kansa ko cutar da wani, ko muryoyi na ba shi umarni, ko ya yi kwanaki bai yi barci ba, ko ya ƙi ci da sha, a ajiye waya a kai shi asibiti mafi kusa, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa da ke Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, sannan asibitocin koyarwa suna da sashen kula da irin waɗannan cututtuka.