Kontak ko CDI: Wutar Tsohon Babur

Honda CG125 ɗin da na gada wajen kawuna ƙirar farko ce, irin wadda ta fito a 1975, kuma da kontak take ba fulogi wuta. Kontak wasu 'yan ƙarafa ne biyu da ke haɗuwa suna rabuwa yayin da inji ke juyawa. Duk rabuwa sai koyil ya harba wuta. Amma bakinsu na cinyewa. Tazarar da ya kamata ta tsaya wajen milimita 0.35 sai ta gurɓace, ka yi ta buga kik da sanyin safiya har gumi ya keto maka.

CDI kuwa ɗan akwati ne a rufe, babu abin da ke gogar wani a cikinsa. Kawasaki ta sa shi a babur ɗinta H1 tun 1969, yau kusan kowane babur ɗin haya da shi yake tashi. Wutarsa ta fi ƙarfi, ba ruwanka da saiti.

Duk da haka ban sauya ba. Kontak in ya yi gardama a hanyar ƙauye, sukundireba da 'yar takardar yashi sun ishe ni. CDI in ya ƙone, sai dai turi zuwa shagon kayan gyara.