Kogin Haɗeja Ya Sake Hanya

Duk mutumin Haɗeja ko Nguru da ya daɗe yana neman abinci a Ikko ko Badun, in ya tashi zuwa ganin gida da damina, to ya ware kuɗin kwale-kwale a aljihu. Hanyoyi da yawa da ya sani yana yaro, na zuwa gona da na cin kasuwar ƙauye, yau ruwa ne kwance a kansu, kacalla ta tsaya a ciki ta fi mutum tsawo.

Asalin abin daga Jihar Kano yake. A da, kogin Haɗeja da damina kaɗai yake kawo ruwa. Yakan zo da ƙarfi wajen watan Agusta, ya share yashin da ya taru a cikinsa, ya malale fadamu, rani na yi ya janye. Manomi ya yanke shinkafarsa, masunci ya yi su, Bafulatani ya shigo da shanu. A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma aka ƙara ta Challawa. Ba mai musun amfaninsu, don su ke shayar da birnin Kano, kuma ruwan Tiga ne ya raya noman rani a Kadawa.

To amma daga nan kogin ya sake hali. Ana sako ruwa kaɗan-kaɗan rani da damina, babu ƙarfin da zai kwashe yashi, babu kuma bushewar da za ta kashe ciyawa. Abin da kacalla take so ke nan. Ta cika bakin tsohon kogin da ya nufi Gashuwa, ta toshe Burum Gana, ruwa ya rasa mafita sai ya karkata cikin Marma, wadda ta nufi tafkin Nguru. Sai ga abin mamaki: mutanen Guri da Kirikasamma suna kukan ruwa ya ci gonaki, na ƙasa da su suna kukan bai iso ba. Jan-baki kuwa ya sami wurin kwana a cikin kacallar, da safe ya faɗa wa ɗan hatsin da ya tsira.

A wannan fadama ce Dagona take, matattarar tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da hunturu, inda mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya kai ziyara a 1989. Hanyoyin yankin galibi na ƙasa ne, in ruwa ya hau su babu motar da za ta bi.

In shekara ta zo da ruwa mai yawa, kamar 2001 da 2020 da 2022, ɓarnar takan wuce ta gona. Gidajen ƙasa sun rushe a Auyo da Kafin Hausa da Ringim, mutane sun kwana a makarantu. Kowane ƙauye kuma yakan tare gabansa da buhunan yashi, wanda sau da yawa tura ruwan ne kawai zuwa ga maƙwabci.

A 2006 gwamnonin jihohin da kogin ya shafa suka taru a Damaturu, aka kafa asusun gyaran kogin, an kuwa yashe wasu wurare. Mutanen ƙauyuka ma sukan yi gayya, su shiga ruwa iya ƙirji da lauje da adda. Sai dai kacalla saiwarta a cikin laka take, in an sare ta a sama ba a daɗewa take sake tofowa.