Babi na 7: Madubin Gefe na A-kori-kura

Ranar kasuwar Shuwarin, cikin Ƙaramar Hukumar Kiyawa, a-kori-kura ce sarauniyar hanya: tsofaffin Peugeot 504 da kamfanin PAN ya harhaɗa a Kaduna, da Toyota Hilux da suka ga jiya suka ga yau, kowace an lafta mata buhunan gero da riɗi har sun ɗara rufin direba. Da kaya sun kai haka, madubin ciki ya tashi daga aiki, buhu kawai yake nunawa. Madubai biyu na gefe su ne idon direba, a kan titin Kano zuwa Maiduguri da tireloli da tankoki ke shararawa dare da rana.

Sauya madubin ba wani aiki ba ne. A tsofaffin motoci, kusoshi biyu ko uku ne suka riƙe shi a jikin ƙofa. A ɗiga kananzir inda ya yi tsatsa, a kwance, a ɗaura sabo, a ƙara matsewa. In ramukan ba su zo daidai ba, mai gyaran bodi ya san abin yi.

Maganar da ta dame ni ita ce ta gilashin kansa. Sau nawa za a ji direba ya ce “ai madubi madubi ne”, ya je wurin mai yankan gilas a Dutse a yanko masa guntun madubin ɗaki, a manna da gam? Wannan kuskure ne, kuma yana iya cin rai. Madubin ɗaki shimfiɗaɗɗe ne, abin da ke daidai saitinsa kaɗai yake kamowa. Na mota kuwa, musamman na ɓangaren fasinja, yana da ɗan doro kamar bayan cokali, kuma doron nan shi ke tattaro fili mai faɗi ya cusa cikin ɗan ƙaramin gilashi. Da shi ake hango mai babur da ya laɓe kusa da tayar baya. An cire doro, mai babur ya ɓace. Ga shi kuma madubin ɗaki in ya fashe, tsini-tsini yake tarwatsewa.

Amma doron yana da nasa sharaɗi: yana ƙanƙantar da abu, sai tirelar da ke daf da kai ta yi kamar tana nesa. Shi ya sa ake rubuta gargaɗi a ƙasan gilashin motocin Amurka. Direban da ya saba da shimfiɗaɗɗe, in aka sa masa mai doro, sai ya sake koyon auna tazara. Gane su kuma ba wuya. Ɗora rula a kan gilashin: in ta kwanta lif, shimfiɗaɗɗe ne, in tana rawa, mai doro ne.

Akwai wani labari da nake so ƙwarai. A shekarar 1911 aka yi tseren Indianapolis 500 na farko a Amurka. Sauran direbobi kowa ya ɗauki bakanike a gefensa, wanda cikin ayyukansa har da waiwaye, kamar dai yaron mota a wurinmu. Ray Harroun ya shiga shi kaɗai da motarsa Marmon Wasp. Aka yi ƙorafi cewa ba mai duba masa baya, sai ya kafa madubi a gabansa, kuma shi ya ci tseren. An ruwaito cewa girgizar titin bulo ta hana shi ganin abin kirki a ciki. To, haka ma madubin da hannunsa ya yi lako-lako a hanyar ƙauye: yana nan, amma ba ya nuna komai.

Mai zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman madubi na hannu ya tafi da tsohon, ya gwada. Tun 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyari a hagu, don haka madubin da aka ciro daga motar Ingila ko Japan mai sitiyari a dama yakan ƙi saituwa. Kuma ka daina saita madubi yana kallon bodin motarka. Tura shi waje har sai ɗan gefen bodin kawai ya rage a gani, sauran gilashin na titi ne.